Na zubar da kilo 12, yunwa ta dawo mini da 9: ni ce ba ni da haƙuri?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 37, ina da aure da 'ya'ya uku. A bara likita ya gaya mini cewa sukarin jinina ya fara hawa, ya ce in rage nauyi tun kafin abin ya zama ciwo. A lokacin kilo 94 nake. Sai na ɗaura ɗamara, na koma cin abinci sau ɗaya a yini, na bar duk wani abu mai maiƙo ko zaƙi, kuma kullum da sassafe ina yin atisaye na kusan awa guda. Cikin wata uku na zubar da kilo 12, kowa yana yaba mini. Daga wata na huɗu sai wata irin yunwa ta taso mini wadda ban taɓa sanin irinta ba. Da rana ina daurewa, amma da dare idan kowa ya yi barci sai in tsinci kaina a kicin a tsaye ina ci daga tukunya, ko fitila ba na kunnawa. Yanzu wata goma ke nan, kilo 9 sun dawo. Maigidana, wanda da farko shi ya fi kowa ƙarfafa mini gwiwa, yanzu idan na ƙara abinci sai ya dubi farantina ya ce, "To, an koma ke nan?" Yayata ta ce atisayen ne ke buɗe mini ciki, in daina. Wata ƙawata kuma ta kawo mini shayin rage ƙiba, tana kuma ba ni labarin wata allura. Kunyar komawa wurin likita nake ji. Shin ni ce ba ni da haƙuri? In daina atisayen? Ko in sake komawa cin abinci sau ɗaya?

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ko fitila ba kya kunnawa. Macen da take cin abinci a cikin duhu a gidanta, daga tukunyar da ita ta dafa da hannunta, ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa mai laifi ce. Ina so in fara da cire miki wannan hukunci, domin wadda ta yi wata uku tana ci sau ɗaya a yini, tana tashi da sassafe ta motsa jiki awa guda, ga hidimar yara uku, ba a ce mata marar haƙuri. Abin da ya same ki yana da bayani sananne a ilimin jikin ɗan Adam, kuma yana samun mafi yawan waɗanda suka rage nauyi ta irin hanyar da kika bi.

Jiki ba ya sanin cewa likita ne ya ce ki rage. Abin da yake gani kawai shi ne abinci ya yi ƙaranci kuma kitsen da ya adana yana narkewa, don haka yakan ɗauka fari ne ya zo, ya fara kare kansa. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, kuma aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke cikin rumbu. Idan kitse ya ragu leftin yakan faɗi, ƙwaƙwalwa ta fahimci cewa rumbu ya yi ƙasa. Shi kuma ciki yana fitar da wani sinadarin, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne yake tashi kafin lokacin cin abinci ya sa mutum ya ji yunwa. Wanda ya rage nauyi da yawa, na farkon yakan sauka, na biyun yakan hau, sai ya zamana yana jin yunwa fiye da da, kuma abincin da ke ƙosar da shi a baya ya daina ƙosar da shi.

Da a ce wannan canji na 'yan makonni ne, da da sauƙi. A 2011 masu bincike a birnin Melbon na Ostareliya sun wallafa sakamakon wani nazari da suka fara da mutum 50 masu ƙiba, waɗanda aka sa su a kan abinci ɗan kaɗan ƙwarai na mako 10, suka rage kimanin kilo 13 a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu, aka tarar girelin yana nan sama da yadda yake kafin su fara, leftin yana ƙasa, kuma su da kansu sun ce sun fi jin yunwa fiye da farko, alhali ma wasu kilo sun riga sun dawo musu. Ki dubi kamannin wannan da labarinki: adadin kilon kusan iri ɗaya ne, tsawon lokacin ma kusan iri ɗaya. Wani nazarin da masanin nan Kevin Hall da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana ƙara masa sha'awar abinci da kusan kalori 100 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), yayin da abin da jiki ke ƙonawa yake raguwa da kalori 20 zuwa 30. Ƙiyasi ne na matsakaici, ba lallai ya yi daidai a kan kowa ba, amma ki lissafa shi a kan kilo 12 ɗinki, za ki ga cewa kamar jikinki yana neman ƙarin cikakken abinci guda, ko fiye, a kowace rana. Da wannan kike kokawa a cikin dare, ke kaɗai, bayan kin wuni da ciki kusan babu komai.

Har tunanin abinci da ke damun mai yunwa an daɗe da saninsa. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, masanin nan Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a kan samari 36 lafiyayyu da suka yarda a rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata shida, har suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mazan da a baya ba ruwansu da girki suka koma tara littattafan girke-girke, hirarsu abinci, mafarkinsu abinci, kuma da aka sake su da yawa daga cikinsu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Ba wanda zai ce dukansu halin kirki suka rasa. Yunwa ce ta yi aikinta, kuma haka take yi wa kowa.

Saboda haka amsata ga tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a, kada ki koma cin abinci sau ɗaya. Akwai mutanen da taƙaita lokacin cin abinci yake yi musu daidai, amma ke jikinki ya riga ya ba ki amsa a fili: dauriyar rana ita ce take haifar da cin dare, cin dare ya haifi kunya, kunya ta sa ki ƙara matse kanki washegari, dare ya sake yi. Idan kika sake ɗaukar wannan hanya, inda ta kai ki a baya nan za ta sake kai ki.

Sai maganar yayarki. Ban ga laifinta ba, domin ta lura da wani abu na gaskiya, sai dai ta ɗora shi a inda ba nan ya fi nauyi ba. Gaskiya ne wasu mutane sukan ƙara ci idan suka fara atisaye. A wani nazari da aka yi a Jami'ar Lids ta Ingila, an sa mutane yin atisaye iri ɗaya a ƙarƙashin kulawa na mako 12, wasu suka rage kilo fiye da 10, wasu kaɗan kuma nauyinsu ma ƙaruwa ya yi, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne yadda wasu suka rama abin da suka ƙona da ƙarin abinci. To amma ke atisaye na awa guda kike yi a kan cikin da zai wuni ba komai, don haka da wuya a raba yunwar atisayen da yunwar rashin cin. A mafi yawan mutane motsa jiki mai ɗan ƙarfi yakan ma danne yunwa na ɗan lokaci bayan an gama. Kuma tun a 1956 masanin abinci Jean Mayer ya lura, a cikin ma'aikatan wata masaƙa a yankin Bengal na Indiya, cewa masu aikin ƙarfi suna ci gwargwadon aikinsu, amma waɗanda aikinsu na zama ne suna ci fiye da buƙatarsu, kuma su ne suka fi nauyi. Wato jikin da ke motsi ya fi iya gane lokacin da ya ƙoshi.

Inda mutane da yawa suke karaya shi ne sun ɗauki atisaye a matsayin wutar da za ta narkar da kitse, sai su hau sikeli su ga bai motsa yadda suka zata ba. Tafiyar sauri ta rabin awa ga mai nauyi irin naki ba ta wuce ƙona kalori 150 zuwa 200 ba, kwalbar lemo guda mai sukari tana iya mayar da su cikin minti biyu. Amfaninsa na gaskiya yana wani wurin. Yana kare tsoka, wadda mai rage abinci yakan rasa wani ɓangare nata tare da kitse. Yana sa tsoka ta riƙa jan sukari daga jini da kyau ko da nauyi bai ragu ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya kai ki wurin likita tun farko. Sannan idan aka dubi waɗanda suka rage nauyi kuma suka riƙe shi shekaru, kamar dubban mutanen da ke cikin rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, za a ga mafi yawansu suna motsa jiki kusan awa guda a rana, galibi tafiya a ƙafa. Don haka kada ki daina. Abin da zan ce ki canza shi ne tsarinsa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ki ware kwana biyu don tsugunno da miƙewa, da tura bango ko ƙasa da hannuwa, da ɗaga wani abu mai ɗan nauyi, sauran kwanakin ki yi tafiya, ki kuma bar wa jikinki rana guda ta hutu. Idan kin dawo daga atisaye ki ci abin kirki, kada ki jira sai yamma.

Yanzu ga abin da nake so ki yi da abinci, kuma na san zai yi miki baƙon ji: na mako shida zuwa takwas masu zuwa kada ki nemi rage ko kilo ɗaya. Burinki kawai shi ne nauyin ya tsaya inda yake kuma cin daren ya lafa. Ki ci sau uku a rana, a zaune, a faranti, a lokutan da ba sa canzawa sosai. A kowane ci ki tabbatar akwai abin gina jiki gwargwadon tafin hannunki, kamar ƙwai, kifi, nama marar kitse ko wake, domin irin wannan abinci ya fi kowane riƙe ciki. Ki cika kusan rabin farantin da ganye da kayan lambu, saboda suna cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba. Mai kuma kada ki kore shi gaba ɗaya kamar yadda kika yi, ki dai auna shi da cokali a daina zubawa daga bakin kwalba. Abin sha mai zaƙi shi ne wanda zan ce ki ci gaba da nisanta, tun da ba ya ƙosarwa kuma kai tsaye yake ɗaga sukari. Ki kuma yi hattara da kayan fakiti da aka sarrafa ƙwarai a masana'anta: a 2019 an ajiye mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka ba su irin wannan abinci mako biyu, aka ba su abincin da ba a sarrafa ba mako biyu, aka ce su ci yadda suke so, sai aka ga a kan abincin fakiti suna ƙara kusan kalori 500 a rana ba tare da sun lura ba.

Idan dare ya yi kuma yunwa ta taso duk da haka, ki ci, amma ki kunna fitila, ki zuba a kwano, ki zauna. Ya fi kyau ki tanadi abin da za ki ci tun da yamma, ɗan madara marar sukari ko 'ya'yan itace ko dafaffen ƙwai, don kada tukunya ta zama ita ce zaɓi. Ki kuma duba barcinki, domin mai tashi da sassafe don atisaye kuma tana farke har tsakar dare, da wuya a ce tana samun isasshe. A 2004 a Jami'ar Shikago an taƙaita barcin wasu samari zuwa awa huɗu na dare biyu kacal, leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma abin zaƙi da mai sitaci suka fi kwaɗayi. Idan ya zama dole ki zaɓa tsakanin cika awa guda ta atisaye da samun awa bakwai na barci, ki rage atisayen zuwa minti 30 ki kwanta da wuri.

Bayan abubuwa sun daidaita sai ki fara ragewa a hankali, kamar rabin kilo a mako ko ma ƙasa da haka, kuma a nan ina so ki sake duba burin da kika sa wa kanki. Abin da likitanki yake so shi ne a hana ciwon sukari kama ki. A babban nazarin nan na rigakafin ciwon sukari da aka wallafa a Amurka a 2002, an nemi mutanen da sukarinsu ya fara hawa, irinki, su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu kuma su motsa jiki minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na kilo 94 bai kai kilo 7 ba. Ke yanzu kina kilo 91, wato har yau kina riƙe da 3 daga ciki, saura 3 ko 4 ki kai 87 ko 88. Nauyin da za ki iya zama a kansa shekara biyar ya fi miki amfani a kan kilo 82 ɗin da kika taɓa na 'yan makonni da yunwa. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, don ki ga inda aka dosa, kada ki hau kullum, saboda ruwan jiki da lokacin al'ada suna iya motsa shi da kilo ɗaya ko biyu ba tare da kitse ya canza ba.

Game da maigidanki, ina kyautata masa zato, tun da kin ce shi ya fi kowa tsaya miki da farko. Mai yiwuwa maganar likita ce ta tsorata shi, ya ga ƙoƙarinki yana warwarewa, bai san abin da zai yi ba sai sa ido a faranti. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana magana yin ciwo, kuma wannan kallon yana cikin abubuwan da suke tura ki ci a ɓoye. Ki samu lokacin da ba na cin abinci ba, yara ba sa nan, ki ce masa, "Na san lafiyata kake so, amma idan ka yi magana a kan farantina kasa ci nake a gabanka, sai in je in ci da dare. Ga taimakon da nake buƙata daga gare ka." Sai ki faɗa masa abu takamaimai: ya raka ki tafiya sau biyu a mako, ya kula da yara lokacin da kike atisaye, ya rage shigo da kayan zaƙi gida, ko ya bi ki wurin likita ya ji bayani da kunnensa. Namiji yakan fi sauƙin barin wata ɗabi'a idan aka ba shi aikin da zai maye gurbinta. Idan kina ganin zai karanta, ki nuna masa wannan amsar.

Shayin da ƙawarki ta kawo, ki yi mata godiya ki ajiye shi. Da yawa daga irin waɗannan ganyen sa zawo ne ko na ƙara fitsari a cikinsu, ruwa suke fitarwa, sikeli ya sauka yau ya koma jibi, kuma hukumomin kula da magunguna sun sha gano wasu kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Allurar kuwa, idan irin su semaglutayid take nufi, magani ne na gaske wanda yake aiki daidai a kan wannan yunwar da muke magana, kuma a gwajin da aka wallafa a 2021 masu amfani da shi sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a cikin mako 68. Sai dai waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda, yana da illoli kamar tashin zuciya da amai, kuma bai dace da mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ba. Ba abin kunya ba ne amfani da shi, amma likitan da ya san tarihinki ne kaɗai zai ce ya dace da ke, ba a karɓarsa daga hannun ƙawa ko ta intanet.

Wannan ya kawo mu ga komawa asibiti, wanda shi ne na fi so ki yi a cikin makon nan ko na gaba. Likita ya saba ganin nauyi ya sauka ya dawo, ba ke ce ta farko ba a wurinsa, kuma wata goma ba tare da an sake auna sukarinki ba ya yi yawa. Ki nemi a yi miki gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, a auna hawan jini, ki kuma kai masa duk magungunan da kike sha, har da na tazarar haihuwa idan kina amfani da su, domin akwai magungunan da ke ƙara sha'awar abinci. Ki gaya masa maganar cin dare yadda kika gaya mini, musamman idan kina jin kamar ba kya iya tsayawa idan kin fara, ko kina cin mai yawa cikin ɗan lokaci har ki ji ciwo, saboda wannan matsala ce da ake magancewa, kuma akwai masana halayyar ɗan Adam da masana abinci da suka ƙware a kanta. Kafin ranar, ki ɗauki ƙaramin littafi ki riƙa rubuta lokacin da kika ci, da abin da kika ci, da lokacin da kika kwanta, na kwana bakwai, ba tare da kin gyara komai don ya yi kyau ba, ki tafi masa da shi. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda darenki ya koma. Allah Ya ƙara miki lafiya.